RA'AYI: Tsakanin Chase da Sewell, Cincinnati ba ta yi zaɓen tumun dare ba

Da misalin ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya, daren Alhamis 29 ga Afrilu 2021 wayewar Juma'a, hukumar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, wato NFL, ta buɗe taronta na shekara-shekara na ɗaukar sababbin 'yan wasa daga jami'o'i a birnin Cleveland. Ƙungiyoyi huɗu suka zaɓi nasu, sai layi ya zo kan Cincinnati Bengals, mai riƙe da gurbi na biyar. Minti goma doka ta ba ta ta faɗi suna. Samari biyu ne a gabanta: Ja'Marr Chase na Jami'ar Jihar Louisiana, gwanin cafe ƙwallo, da Penei Sewell na Jami'ar Oregon, ƙaton da aikinsa kare mai jefa ƙwallon. Ta kira sunan Chase. Da layi ya kai gurbi na bakwai, Detroit Lions ta yi wuf ta ɗauke Sewell.

Tun daga daren nan magoya bayan Cincinnati suka rabu gida biyu, kuma duk ranar da majefinsu Joe Burrow ya bar fili da rauni, sai gardamar ta dawo ɗanya. Ni dai ina tare da waɗanda suka ce Chase. Ina kuma ganin dalilan ba su tsaya ga Cincinnati ba, ma'auni ne da ya kamata duk ƙungiyar da ta sami gurbi a sahun gaba ta ɗora samarin jami'a a kai kafin ta buɗe baki.

Wanda ya saba da ƙwallon Turai, inda mai kuɗi ke sayen wanda ya ga dama, zai so a ɗan warware masa tsarin. NFL tana da ƙungiyoyi 32, kuma tun 1936 take raba matasan jami'o'i ta hanyar bin layi: ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe, wadda ta ɗauki kofi kuma ta zo a ƙarshe. Zagaye bakwai ake yi cikin kwana uku, kuma a 2021 mutum 259 aka ɗauka. Akwai kuma iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashi, wanda a shekarar ya tsaya a dala miliyan 182.5. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, albashin sabon shiga ƙayyadadde ne na shekara huɗu, da damar ƙara ta biyar ga waɗanda aka ɗauka a zagayen farko. Ke nan gurbi na biyar dama ce ta mallakar gwani a kan albashin ɗan koyo. Da kaka guda ta wulaƙanci ake samun wannan dama, kuma babu mai addu'ar sake samunta baɗi.

Shi kuwa wasan, mutum 11 ne kowane ɓangare. Jigon masu kai hari shi ne majefi, wanda ke karɓar ƙwallo ya ja baya, ya dubi fili, ya wurga wa ɗaya daga cikin macafan da suka ruga gaba. Daƙiƙa biyu zuwa uku gare shi kafin 'yan tsaron abokan hamayya su cim masa, kuma abin da ke tare masa su shi ne katangar ƙarti biyar: ɗaya a tsakiya, biyu a kafaɗunsa, biyu a gefe da gefe. Idan aka keta katangar aka kayar da majefi da ƙwallo a hannu, an yi asarar tazara, wani lokaci har da ƙashi. Da yadi ake auna tazarar, kuma isar da ƙwallo ƙarshen fili shi ne ci, mai maki shida. Sewell ɗan gefen katanga ne, Chase macafi.

Adalci ne a fara da hujjar masu son Sewell, domin ba hujjar banza ba ce. Cincinnati ta ɗauki Burrow a gurbi na ɗaya a 2020, ta tsayar da shi bayan katanga mai yoyo. Cikin wasa goma aka kayar da shi sau 32, kuma ranar 22 ga Nuwamba, a wasa da Washington, jijiyoyi biyu na gwiwarsa ta hagu suka tsinke, aka ɗauke shi a mota. Ƙungiyar ta gama kakar da nasara huɗu, canjaras ɗaya, rashin nasara 11. Tarihi kuma cike yake da gargaɗi. A 2002 an kayar da David Carr na Houston sau 76 a kakarsa ta farko, bai taɓa zama abin da aka yi zato ba. Andrew Luck na Indianapolis, wanda aka ɗauka a gurbi na ɗaya a 2012, ya ajiye wasa a Agustan 2019 yana ɗan shekara 29, raunuka sun gajiyar da shi. Ga Sewell, haifaffen Samoa ta Amurka, wanda ya karɓi kambun Outland a 2019 yana ɗan shekara 19, kambun da ake ba fitaccen ɗan layin gaba a duk jami'o'in ƙasar. Ga shi kuma Cincinnati tana da macafa biyu nagari, Tee Higgins da Tyler Boyd. Har zane ya yi ta yawo a intanet a lokacin: a sama Burrow na tsaye bayan Sewell yana jefa wa kowane irin macafi, a ƙasa Chase na jira fili fetal amma Burrow na kwance. Masu wannan ra'ayi cewa suke, wanda rufin ɗakinsa ke zuba ba ya sayen labule.

Maganar tana da daɗin ji, amma ta ginu a kan zaton cewa mutum ɗaya na iya gyara katanga. Katanga aikin mutum biyar ne, kuma ƙarfinta bai wuce na mafi rauninsu ba. Kocin tsaro ba ya tura gwaninsa ya yi ta karo da mafi ƙarfin 'yan katanga. Yakan nemi inda bango ya tsage ya tura ƙadangarensa can. Saboda haka idan ka sa zaki a gefe ɗaya ka bar raguwa huɗu, abin da ka yi kawai shi ne nuna wa abokan hamayya ƙofar da ba za su bi ba. Misalin Joe Thomas ya isa. Cleveland ta ɗauke shi a gurbi na uku a 2007, ya tare gefen hagu shekara 11, aka zaɓe shi cikin taurarin gasa sau goma a jere, aka shigar da shi zauren gwarzaye a 2023. Duk da haka bai taɓa buga wasan sili-ɗaya-ƙwale ko sau ɗaya ba. Za a ce ai Calvin Johnson, macafin da Detroit ta ɗauka a gurbi na biyu a wannan shekarar, shi ma bai taɓa cin irin wannan wasa ba. Haka ne, babu ɗan wasa ɗaya da ke ɗaukar jinka shi kaɗai. Amma tambayar da ke gaban Cincinnati ta fi wannan ƙanƙanta: ga majefi ya samu, wane mutum ɗaya ne zai fi ninka amfaninsa?

A nan ne macafi ya sha bamban. Aikinsa na gaba da gaba ne, shi da mai gadinsa. Idan ya fi ƙarfin mai gadi ɗaya, dole kocin tsaro ya ƙara masa na biyu, kuma wannan na biyun daga wani wuri aka cire shi: ko dai daga masu gadin Higgins da Boyd, ko daga masu rugawa kan majefi. Macafin da ke kuɓucewa cikin daƙiƙa biyu yana rage lokacin da katanga za ta daure, wanda hakan ma kariya ce. Alƙaluma sun tabbatar da haka tun ba a je ko'ina ba. Bayan ya yi ta zubar da ƙwallaye a wasannin share fage har 'yan jarida suka fara yi masa ba'a, Chase ya gama kakarsa ta farko da cafe 81, yadi 1,455 da ci 13, aka ba shi kambun sabon ɗan wasan hari na shekara. Ranar 2 ga Janairu 2022 shi kaɗai ya kwashi yadi 266 da ci uku a kan Kansas City Chiefs, nasarar da ta ba Cincinnati jagorancin rukuninta. Ƙungiyar da rabonta da cin wasan sili-ɗaya-ƙwale tun Janairun 1991 sai ga ta ta ci uku a jere ta isa wasan ƙarshe, wato Super Bowl.

Masu son Sewell sukan ce to ai a can ɗin ne asiri ya tonu. An kayar da Burrow sau 51 a kakar, fiye da kowane majefi, sau tara a wasa ɗaya da Tennessee, sau bakwai a wasan ƙarshe da Los Angeles Rams ranar 13 ga Fabrairu 2022, wanda Cincinnati ta rasa da maki 23 da 20. Amma a koma a kalli yunƙurin ƙarshe na wasan. Saura yadi ɗaya Cincinnati ta ci gaba da riƙe ƙwallo, mai gadin Chase ya zame ya faɗi, Chase ya wuce shi kaɗai, sai Aaron Donald ya keto ya wujijjiga Burrow kafin ya ɗaga ido. Ta ina Donald ya shigo? Ta cikin katanga, ta kafaɗar hagu. Sewell ɗan gefe ne. Da yana fili ma, da daga nesa zai hangi abin. Raunin Cincinnati a wurare da yawa yake, kuma gurbi na biyar wuri ɗaya kawai yake iya toshewa.

Ita ma Detroit, wadda ake kafa hujja da ita, labarinta goyon bayan wannan magana yake yi. Sewell ya tarar da Taylor Decker, ɗan zagayen farko na 2016, da Frank Ragnow, ɗan zagayen farko na 2018. Shi ne tubali na ƙarshe a ginin da aka shekara biyar ana ɗorawa. Ko da hakan, kakarsa ta farko nasara uku kacal Detroit ta yi. Sai a 2023 ta kai nasara 12, a 2024 ta kai 15, kuma a shekarun biyu an sa Sewell a sahun farko na gwanayen gasa. Detroit ta yi daidai da ta ɗauke shi, domin ya dace da abin da ta riga ta gina. Wannan bai nuna cewa zai yi wa Cincinnati irin wannan aiki ba.

Dalili na biyu ya shafi sani, kuma a ganina ya fi na farko nauyi. Babban abokin gabar mai zaɓe a wannan taro shi ne jahiltar gobe. Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya karɓi lambar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin zaɓuɓɓukan shekaru masu yawa, suka gano cewa yiwuwar ɗan wasa ya fi wanda aka ɗauka bayansa a irin aikinsa kimanin kashi 52 ne cikin ɗari, wato da kaɗan ya fi canki-canka. Taron 2021 ɗin kansa shaida ne. New York Jets ta ɗauki majefi Zach Wilson a gurbi na biyu, bayan kaka uku ta sallame shi zuwa Denver. San Francisco ta ba da gurabenta na zagayen farko na shekara uku don ta hau gurbi na uku ta ɗauki Trey Lance. Wasa huɗu kacal ya fara mata, a 2023 ta miƙa shi ga Dallas a kan gurbin zagaye na huɗu. Waɗannan ƙungiyoyi suna da ma'aikatan sa ido da ke zagaye jami'o'i shekara guda cur, suna auna gudu da tsayin hannu, suna tambayar malamai da koci-koci, amma abin da ba ya aunuwa shi ne ko yaro zai dace da mutanen da zai tarar.

Cincinnati kuwa tana da amsar wannan tambaya a hannu. A 2019 Burrow da Chase suna tare a Louisiana. Ƙungiyarsu ta buga wasa 15 ta cinye duka ta ɗauki kofin jami'o'i. Burrow ya jefa ci 60, kuma 20 daga ciki hannun Chase suka faɗa, da yadi 1,780. Shi da Sewell duka sun ƙaurace wa kakar 2020 saboda annobar korona, don haka an shekara ba a ga kowannensu a fili ba. A irin wannan duhu, ɗaya daga cikin samarin biyu an riga an jarraba shi da ainihin mutumin da zai yi aiki da shi, a gaban manyan abokan karawa, an ga sakamako. Watsi da wannan sani don a toshe ɓarakar da ta fi fitowa fili sakin na hannu ne a kama na guje.

Akwai ƙalubale ɗaya da nake ganin ya fi sauran ƙarfi. A wannan taro dai, Detroit ta ɗauki macafi Amon-Ra St. Brown na Jami'ar Kudancin California a zagaye na huɗu, gurbi na 112, kuma ya zama ɗaya daga cikin gwanayen gasar. Ke nan ta sami ɗan katanga ta sami macafi. Me ya hana Cincinnati yin haka? Amsar ita ce ita kanta Detroit ba ta san abin da ta tsinta ba. Sau huɗu layi ya zo kanta kafin nan tana tsallake shi: bayan Sewell ta ɗauki Levi Onwuzurike da Alim McNeill da Ifeatu Melifonwu, biyu daga cikinsu 'ya'yan 'yan Najeriya. Macafa 16 aka ɗauka kafin St. Brown, kuma an san shi da haddace sunayensu. Da akwai ƙungiyar da ta hango abin da zai zama, da bai kwana biyu yana jira ba. Sa'a ce, kuma ba a tsara makomar ƙungiya a kan tsintuwa.

Sai dai kare zaɓen Chase ba wanke shugabannin Cincinnati ba ne. Wanda ya tsallake katanga a gurbi na biyar ya ci bashi, kuma wajibi ne ya biya a zagayen da ke biye da kuma kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare. A shekarar nan ce Kansas City ta nuna yadda ake biya. A Fabrairun 2021 Tampa Bay ta lallasa ta 31 da 9 a wasan ƙarshe, Patrick Mahomes ya kwana yana gudun ceton rai bayan katangar da raunuka suka rushe. Cikin wata uku ta sayo Joe Thuney, ta yi musayar da ta kawo Orlando Brown daga Baltimore, ta ɗauki Creed Humphrey a gurbi na 63 da Trey Smith a gurbi na 226. Ba ta da gurbi a goman farko, amma ta sauya katangar gaba ɗaya. A Fabrairun 2023 ta haɗu da Philadelphia, wadda ta kayar da majefa sau 70 a kakar, kuma ko sau ɗaya ba a kayar da Mahomes ba a wasan ƙarshen. Gaskiya ne ta yi hakan bayan ta sayar da macafinta Tyreek Hill, amma tana da Travis Kelce, wanda shi ma mai gadi ɗaya ba ya iya masa.

Cincinnati fa? Tana riƙe da gurbi na 38, ta yi musaya ta sauka na 46, ta ɗauki Jackson Carman na Clemson alhali Humphrey na nan ba a taɓa shi ba. Carman bai iya riƙe wurinsa ba, aka sallame shi a 2024. A zagaye na uku ta koma ɓangaren tsaro ta ɗauki Joseph Ossai, haifaffen Legas. Sai da aka sha kashi a Super Bowl sannan ta sayo Alex Cappa da Ted Karras da La'el Collins a 2022, ta kawo Orlando Brown ɗin nan a 2023, ta ɗauki Amarius Mims a gurbi na 18 a 2024. An fafe gora, amma ranar tafiya. A tsakanin nan Burrow ya ji rauni a wuyan hannu a Nuwamban 2023, ya sake jin wani a yatsan ƙafa a Satumban 2025. A 2024 Chase ya fi kowa a gasar ta fuska uku, cafe 127, yadi 1,708, ci 17, amma ƙungiyar ta tsaya a nasara tara, ba ta ko shiga sili-ɗaya-ƙwale ba. Duk wanda ya ɗora wannan a kan daren 29 ga Afrilu ya bar jaki yana dukan taiki. Laifin yana kan zaɓuɓɓukan ranakun da ba a cika kallo ba, da kuma jinkirin buɗe lalita.

Kasuwa ma ta faɗi nata. A Afrilun 2024 Detroit ta sabunta wa Sewell kwantiragin shekara huɗu a kan dala miliyan 112. A Maris ɗin 2025 Cincinnati ta sabunta wa Chase na shekara huɗu a kan miliyan 161. Tun da albashin sabon shiga ya dogara ne da lambar gurbinsa ba da irin aikinsa ba, rangwamen da ƙungiya ke mora a shekarun farko ya fi girma idan ta ɗauki wanda aikinsa ya fi tsada a kasuwa.

Kowane watan Afrilu wata ƙungiya za ta tsinci kanta inda Cincinnati ta tsaya, da matashin majefi mai tabo a jiki da magoya baya masu ihun a toshe ɓaraka. Shawarata gare ta tambayoyi uku ne, a bi su bisa wannan jeri. Shin aikin yaron nan irin wanda mutum ɗaya ke sauyawa ne, ko sai an haɗa biyar? Me muka sani game da shi da idonmu, ban da abin da awo da rahoto suka faɗa? Sai a ƙarshe a tambayi ina ne ke yi mana yoyo, kuma idan amsa biyun farko suka kai ta ga macafi, to tun a daren ta rubuta sunayen 'yan katangar da za ta ɗauka washegari da kuɗin da za ta ware musu. Cincinnati ta amsa biyun farko daidai. Ta ukun ce ta bari sai da Aaron Donald ya tuna mata da ita, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi wasa.